Kirarin Dariyus a Jikin Dutse

A yammacin ƙasar Iran, kusa da birnin Kermanshah, akwai wani dutse da ake kira Bisitun. Tsohuwar hanyar da ta haɗa Babila da Hamadan ta bi ta gindinsa, ga kuma maɓuɓɓugar ruwa a wurin, don haka ayari da rundunonin yaƙi suka saba yada zango a nan. Duk matafiyin da ya ɗaga kai zai hango wani sassaƙe can sama, fiye da mita 60 daga ƙasa. Wani mutum ne a tsaye riƙe da baka, ya ɗora ƙafa a kan wani da ke kwance yana miƙa hannuwa sama. A gabansa mutum tara sun yi layi, an ɗaure hannuwansu ta baya, igiya ɗaya ta zarge wuyansu duka. Sama da su akwai wata sura mai fukafukai. Rubutu ya kewaye hoton cikin harsuna uku: tsohon Farisanci, da harshen Elam, da harshen Babila.

Mai bakan shi ne Dariyus na Ɗaya, sarkin Farisa, wanda ya hau mulki a shekara ta 522 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya sa aka yi aikin, shi ne kuma yake magana a cikinsa daga farko har ƙarshe. Masana tarihi sun daɗe suna ɗibar bayanai daga wannan rubutu. Mu a nan za mu karanta shi ne yadda muke karanta littafin labari, mu tambayi wa ke magana, me yake so mu yarda da shi, wace dabara ya bi, a ina kuma zaren labarin ya tsinke masa.

Labarin a taƙaice

Sairus, wanda ya kafa daular Farisa, ya bar 'ya'ya maza biyu, Kambisis da Bardiya. Kambisis ya gaje shi. A faɗar Dariyus, kafin Kambisis ya tafi yaƙin Masar sai ya kashe ƙanensa Bardiya a ɓoye, jama'a ba su sani ba. Yana can Masar sai wani limamin Majusawa mai suna Gaumata ya tashi ya ce shi ne Bardiya. Mutane suka bi shi, ya karɓe mulki, Kambisis kuma ya mutu. Kowa ya yi shiru saboda tsoro, har Dariyus ya zo da wasu mutum shida suka kashe Gaumata a wata ganuwa a ƙasar Midiya, a ranar da masana suka lissafa ta zo daidai da 29 ga Satumba, 522.

Daga nan sai ƙasa ta ɗauki wuta. Elam ta yi tawaye, Babila ta yi, Midiya ta yi, har Farisa kanta, mahaifar sarki. Dariyus ya ce a cikin shekara guda ya gwabza yaƙi 19, ya kama sarakuna tara, duk da taimakon abin bautarsa Ahura Mazda. Sauran rubutun nasiha ne ga sarakunan da za su zo bayansa, da addu'a ga wanda ya kiyaye dutsen, da tsinuwa ga wanda ya ɓata shi.

Idan aka ba marubucin yau wannan ƙashin bayan labari, ba zai nemi ƙari ba. Akwai kisan ɗan'uwa, akwai sojan gona, akwai jarumi da ya fito daga gefe ya ceci gida. Abin tambaya shi ne yadda mai labarin ya jera su.

Ginin maganar

Abu na farko da kunne zai kama shi ne maimaici. Kusan kowane sakin layi yana farawa da jimla ɗaya da ke sanar da cewa sarki Dariyus ne ke magana. Kowane yaƙi kuma yana bin ma'auni ɗaya: wane ya tashi, ya yi ƙarya ya ce shi wane ne, na aika runduna, Ahura Mazda ya taimake ni, aka ci su a rana kaza ga wata kaza. An gama wannan sai a ɗauko na gaba, a zuba shi a mazubi guda. Mai karatun da ke neman sabon abu a kowane shafi zai gaji, amma gajiyar tana cikin aikin. Kafin a kai yaƙi na biyar, mai sauraro ya riga ya san ƙarshen na shida. Tawaye ya zama abin da ke da sakamako ɗaya tak, kamar jifa sama da dole ta dawo ƙasa.

Wanda ya tashi yana jin kirari a ƙofar fada ba zai ga baƙon abu a nan ba. Rubutun ya buɗe da jero asali: ni ɗan wane, jikan wane, har zuwa kakan zuriya. Ya ce mutum takwas daga danginsa sun yi sarauta, shi ne na tara. Ya lissafa ƙasashe 23 da ke kawo masa haraji. Ya yi wa abokan gaba zambo. Ya ambaci amintattunsa shida da sunayensu da na iyayensu, ya bar wasiyya a kula da zuriyarsu. Asali, da faɗin ƙasa, da zambo, da yabon barori, duk kayan aikin maroƙi ne.

Sai dai akwai bambanci babba. A fadar Hausa sarki ba ya yi wa kansa kirari. Maroƙi ne ke yi, sarki yana zaune bai ce uffan ba, kuma shirun nan wani ɓangare ne na kwarjininsa. Masu kirarin kai su ne 'yan dambe da mafarauta da 'yan tauri, mutanen da dole su tabbatar da kansu a fage domin ba gado ya ba su matsayin ba. Dariyus ya yi magana da muryar ɗan dambe yana sanye da rigar sarki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya kasa kunne, domin wanda gadonsa ba ya da gardama ba ya bukatar ya yi ta nanata shi.

Gardamar kuwa tana nan. Dariyus ba ɗan Sairus ba ne, ba jikansa ba ne. Mahaifinsa Wishtasfa bai yi sarautar daular ba, kuma a wani rubutun da Dariyus ya bari a birnin Susa ya faɗa da kansa cewa mahaifinsa da kakansa duk suna raye lokacin da ya zama sarki. Idan jini ne hujja, me ya sa aka tsallake su? Bayan ya hau mulki ya auri 'ya'yan Sairus mata biyu, ya kuma auri 'yar Bardiya. Mai cikakken gado ba ya bin wannan hanyar da gaggawa haka.

Kalmar da ta riƙe ginin

Idan aka cire kalma ɗaya daga wannan rubutu, duk ginin zai rushe. Kalmar ita ce ƙarya. Dariyus bai kira abokan gabansa azzalumai ko matsorata ba, maƙaryata ya kira su. Ya ce ƙarya ce ta yaɗu a ƙasa bayan tafiyar Kambisis, ita ce ta sa larduna suka yi tawaye. A jikin hoton ma an rubuta wa kusan kowane ɗaurarre takardar shaidarsa: wannan wane ne, ya yi ƙarya ya ce shi ne sarkin wuri kaza.

Dabarar tana da ƙarfi. Da ya ce sun yi tawaye saboda haraji, ko saboda suna son 'yancin ƙasarsu, da ya ba su dalili, kuma dalili abu ne da mai sauraro zai iya aunawa. Da ya kira su maƙaryata sai ya kwashe dalilin gaba ɗaya. Ba a muhawara da maƙaryaci, tona shi ake yi. Mutanen Babila da suka tashi har sau biyu a bayan wasu da suka ɗauki sunan Nebukadnezzar ba su da wani koke a cikin wannan labari, ruɗarsu kawai aka yi.

To amma a nan ne zaren ya fi rauni. A duba labarin Bardiya da idon mai tace littafi. An kashe ɗan sarki, gwamnan larduna, ba wanda ya lura. Wani ya fito ya ce shi ne, manyan fada da dakarun ƙasa suka karɓe shi har tsawon watanni. Mutum ɗaya da zai iya faɗin gaskiyar kisan, wato Kambisis, ya mutu. Wanda ake zargi, an kashe shi kafin ya yi magana. Wanda ya rage ya ba da labari shi ne wanda ya ci gajiyar kisan. Da marubuci ya kawo mana wannan a littafi, da mun mayar masa mun ce ya toshe ramukan.

Hirodotus, marubucin Girka da ya zo bayan wasu shekaru, ya kawo irin wannan labari da ƙarin gishiri. A nasa, sojan gonan ba shi da kunnuwa domin an taɓa yanke masa su, kuma ɗaya daga matan gidan sarauta ce ta lallaɓa ta shafa kansa yana barci ta gano. Ya kuma ce mutumin ya yafe wa jama'a haraji na shekara uku, har aka yi kewarsa bayan mutuwarsa. Wannan ya saɓa da hoton mugun da kowa ke tsoro wanda Dariyus ya zana. Saboda irin waɗannan dalilai masana tarihi da yawa a yau suna ganin mutumin da aka kashe a ganuwar nan Bardiya ne na gaskiya, Gaumata kuwa ƙirƙira ce. Wasu masanan sun tsaya kan cewa labarin Dariyus na iya zama gaskiya, tun da sojan gona ba baƙon abu ba ne a tarihin sarauta, kuma a cikin rubutun ma akwai wani Wahyazdata da ya sake cewa shi ne Bardiya. Amma wannan misali yana yanka ta gefe biyu. Idan an riga an tona wa duniya cewa Bardiya ya daɗe da mutuwa, me ya sa Farisawa suka sake bin wani mai wannan suna har aka yi yaƙe-yaƙe?

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mai labarin ya san ana shakkarsa. Ya roƙi mai karatu kada ya ɗauki maganar ƙarya. Ya yi rantsuwa da abin bautarsa cewa gaskiya ya faɗa. Ya ƙara da cewa akwai wasu ayyukan da ya yi waɗanda bai rubuta ba, don kada su yi wa mai karatu yawa ya ce ƙarya ce. Wannan jimla ta gwani ce, domin ta mai da taƙaitawa hujjar gaskiya, kuma ta ƙara masa girma ba tare da ya kawo ko misali ɗaya ba. Duk da haka, Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yawan rantsuwar da ba a nema ba yakan nuna inda ciwon yake.

Wata dabarar ita ce ƙididdiga. Kusan kowane yaƙi yana da wurinsa da ranarsa da watansa, kuma nassin harshen Babila ya ƙara da adadin waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama. Lamba tana sa kunne ya saki jiki. Wanda ya ce maka ranar kaza aka yi abu, za ka ɗauka yana da rajista a hannu. Mai yiwuwa ne ranakun daidai suke, amma daidaiton ƙananan abubuwa ba ya wanke babbar da'awa. Maƙaryacin da ya ƙware yakan kewaye ƙarya ɗaya da gaskiya ashirin.

Inda rubutun ya daina ado shi ne wurin hukunci. Game da Farawartish na Midiya, Dariyus ya ce ya yanke masa hanci da kunnuwa da harshe, ya cire masa ido ɗaya, ya ɗaure shi a ƙofar fada jama'a suka gan shi, sannan ya tsire shi a Hamadan. Ya faɗi wannan da murya ɗaya da wadda ya lissafa ƙasashensa, ba fushi ba nadama. Mutumin da aka kira maƙaryaci an yanke masa harshe, kuma mai yankan ne ya rage yana gaya mana abin da harshen ya faɗa.

Don wa aka rubuta?

Daga ƙasa ba mai iya karanta ko harafi ɗaya na wannan rubutu. Ya yi nisa, kuma hawa wurin sai da kasada. Ko da an kai, mutane ƙalilan ne a zamanin suka iya karatun irin wannan rubutu mai kama da ƙananan ƙusoshi. Matafiyi hoto kawai yake gani: babban mutum ɗaya, ƙananan mutane a ɗaure. Rubutun da ke kewaye yana gaya masa cewa akwai hujja, ko da ba zai iya duba ta ba.

Karatun na gaske a wani wuri aka yi shi. Dariyus ya ce ya aika kwafe zuwa larduna, kuma an tabbatar da haka: an sami gutsuren nassin a Babila, an kuma sami kwafe cikin harshen Aramiya a kan takardar gargajiya ta Masar a tsibirin Elefantin, can kudancin ƙasar. Dutsen ya zama uwar takarda da ba mai iya taɓawa, kwafen kuma su ne ke yawo a kunnuwan mutane.

Ko uwar takardar ma an yi mata gyara. Bayan an gama aikin, Dariyus ya ci wasu mutanen da ake kira Saka, ya kama shugabansu Sukunka. Sai aka ƙara shi a ƙarshen layi da doguwar hularsa mai tsini. Wurin bai isa ba, don haka aka ci wani ɓangare na nassin Elam, aka sake sassaƙa nassin a wani gefe. Mun saba cewa abin da aka rubuta a dutse ba ya canzawa, ga shi mai dutsen ya yi bugu na biyu. Abin lura kuma, takardar shaidar Sukunka ba ta ce ya yi ƙarya ba, sunansa da ƙabilarsa kawai aka rubuta. Shi baƙo ne da aka ci da yaƙi, bai yi takarar kujera ba. Tuhumar ƙarya an tanade ta ne ga waɗanda suka taɓa inda ke yi wa sarki ciwo.

Abin da dutse ya yi wa mai shi

Dariyus ya so a riƙa tunawa da shi, dutsen kuwa ya riƙe haruffa ya saki ma'ana. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, wani likita Bagirke mai suna Kitisiyas da ya yi aiki a fadar Farisa kanta ya danganta aikin dutsen Bisitun ga sarauniya Samiramis. Daga baya mutanen yankin suka haɗa dutsen da labarin soyayyar Farhad da Shirin. Wani matafiyi Bature ya ɗauka Annabi Isa ne da almajiransa, wani ya ce ƙabilun Bani Isra'ila ne a hannun sarkin Assuriya. Kowa ya karanta abin da ya zo da shi a ransa.

Sai a 1835 wani hafsan sojan Ingila, Henry Rawlinson, ya fara hawa yana kwafar rubutun, ya dawo a 1844 da 1847, inda wani yaro Bakurde ya taimaka masa ya kai ga nassin Babila da ya fi wuyar isa. Da yake magana ɗaya ce cikin harsuna uku, sai ta zama mabuɗi. Aikinsa da na wasu masana irin su Edward Hincks ya buɗe karatun rubutun Babila da Assuriya. Dariyus ya yi harsuna uku don kowa ya ji nasa labarin, sai ga shi sun taimaka an ji na dubban wasu, har da takardun da ake auna maganarsa da su a yau. A 2006 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Akwai kuma ribar da bai yi niyya ba. Yawancin mutanen nan da ke ɗaure, ba don wannan dutse ba da ba mu san sunansu ba. Don ya ƙaryata su, dole ya faɗi abin da suka ce. Da'awarsu ta rayu a cikin bakin mai ƙaryata ta.

Wani sarki, wata murya

Domin kada mu ɗauka kowane sarki haka yake magana a dutse, mu leƙa Indiya bayan shekara 260 ko kusa da haka. Sarki Ashoka ya ci ƙasar Kalinga, wadda ke yankin Odisha na yau, ya kuma sa aka sassaƙa labarin. A sanarwarsa ta 13 ya ce an kwashe mutum 150,000, an kashe 100,000, waɗanda suka mutu daga baya sun ninka haka. Ya ce abin ya dame shi ƙwarai, ya yi nadama, yana fatan 'ya'yansa da jikokinsa ba za su nemi sabon cin ƙasa ba. Dariyus ya kawo lamba don alfahari, Ashoka ya kawo ta don kuka.

Zuciya takan karkata ga Ashoka nan take, kuma ba laifi. Amma idon da muka duba Dariyus da shi, da shi za mu duba wannan. A cikin sanarwar nadamar ya gargaɗi mutanen daji cewa har yanzu yana da ikon hukunta su. Bai mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Sannan a Dhauli da Jaugada, wuraren da aka sassaƙa sanarwoyinsa a cikin Kalinga kanta, ba a sa wannan ta 13 ba, wasu aka sa a madadinta. An ba kowa labarin nadamar ban da waɗanda aka yi wa laifin. Tawali'u ma yana iya zama salon mulki, kuma mai rubutu a dutse yana zaɓen wanda zai ji me.

Hukuncinmu

A matsayin aikin magana, rubutun Bisitun ya yi nasara a inda ya nufa. Gininsa a tsare yake, muryarsa ba ta rawa, ya ɗauki shekara mai cike da ruɗani ya mai da ita layi ɗaya miƙaƙƙe. Labarinsa ya shiga littafin Hirodotus, ya yi fiye da shekara 2,000 ana maimaita shi. Rauninsa shi ne ba mutum a cikinsa sai ɗaya. Sauran duk suna ne da laifi da hukunci. Ba uwar da ta rasa ɗa, ba manomin da runduna ta bi ta gonarsa, ba wanda ya yi shakka ya kwana yana juyi. Inda ya fi zama adabi shi ne inda mai maganar ya kasa ɓoye damuwarsa ya fara roƙon a yarda da shi.

Wannan ya shafe mu ta hanya biyu. Marubutanmu masu ɗauko labari daga tarihin sarakuna suna samun kayansu ne galibi daga bakin waɗanda suka yi nasara, kuma abu ne mai sauƙi a kwafe hukuncinsu tare da labarinsu, a kira wanda aka kayar ɗan tawaye tun shafi na farko. Aikin marubuci ya fara ne daga mutanen da ke cikin igiya: me suka gani, me ya sa dubban mutane suka bi su?

Mu masu karatu kuma ba mu rabu da Bisitun ba. Muna wuce allunan da aka manna a jikin rijiyoyin burtsatse da azuzuwa, ɗauke da sunan wanda ya ƙaddamar da aiki da rana da wata, wani lokaci famfon ya daɗe da ƙafewa allon yana nan. Muna karɓar hoto a waya da dogon bayani a ƙasansa wanda ba mu da hanyar tantancewa. Tambayoyin da muka yi wa Dariyus su ne dai za mu yi: wa ke magana, wa aka hana magana, wace kalma ake ta nanatawa, kuma a wane wuri ne mai maganar ya fara rantsuwa alhali ba wanda ya ce masa ya rantse.